Sayen Hulunan Kibod Da Araha: Kada A Manta Da Baƙaƙen Hausa

Garin Keffi ya daɗe yana hulɗa da boko, domin tun 1949 aka kafa Kwalejin Gwamnati ta Keffi, sa'an nan bayan da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 sai jami'ar jihar ta zo ta zauna a garin. Wannan ya sa sana'ar buga takardu ta kafu sosai. Daga Sabon Gari har zuwa bakin jami'a akwai masu shaguna waɗanda abincinsu ke fitowa daga yatsunsu, suna buga kundin ɗalibai, da takardun rantsuwa, da yarjejeniyar cinikin fili, da katin ɗaurin aure. A da tafireta ce abokiyar aikinsu, yau kuwa kwamfuta ce da allonta na maɓallai wanda ake kira kibod.

Kibod iri biyu ne. Akwai na gama-gari, wanda shimfiɗar roba guda ɗaya ce a ƙarƙashin maɓallansa, in ya lalace sai a yar. Akwai kuma mai inji, watau wanda kowane maɓalli yake da nasa ɗan makunni da sifirin, ana iya cire hular da ke bisansa a sa wata. Matasa da yawa a duniya sun mayar da harhaɗa irin wannan abin sha'awa, har ana sayen jerin huluna na kamfanin GMK na Jamus fiye da dala 100, a kuma yi wata da watanni ana jiran isowarsu. Mai shago a Keffi ba ado ne ya dame shi ba. Bukatarsa ita ce hular da za ta shiga kibod ɗinsa, rubutunta ya daɗe bai goge ba, ta kuma taimake shi ya rubuta Hausa daidai, ba tare da ta cinye masa ribar wata guda ba.

SHIN ZA TA SHIGA?

Abin da za a fara dubawa shi ne gindin maɓalli. A farkon shekarun 1980 kamfanin Cherry ya fito da makunnin da ake kira MX, mai ɗan tsinke a kai da siffar alamar tarawa ta lissafi. Daga baya kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka riƙa yin nasu a kan wannan siffa, shi ya sa yawancin hulunan da ke kasuwa suka dace da ita, kuma farashinsu ya sauko. To, sai mutum ya cire hula ɗaya ya duba. In bai ga wannan alama ba, ya riƙe kuɗinsa, domin hulunan nan ba sa shiga kwamfutar tafi-da-gidanka, yawancin kibod masu shimfiɗar roba ma ba sa karɓarsu.

Sa'an nan sai tsarin allon. Na Amurka maɓallai 104 ne da shi, maɓallinsa na Enter a kwance yake. Na Ingila da sauran Turai 105 ne, Enter ɗinsa dogo ne mai kusurwa, kuma Shift na hagu gajere ne. Tun da kayan gwanjo da ke shigowa ƙasar nan daga ko'ina suke, duka biyun suna hannun jama'a. Haka kuma dogon maɓallin tazara, yawanci faɗin maɓalli shida da kwata ne, amma akwai mai bakwai. Keffi ba ta da nisa da Abuja, saboda haka wanda ya sami hali ya ɗauki kibod ɗinsa ya je a gwada a gabansa. Wanda kuwa zai yi oda ta intanet, ya ƙirga maɓallan da ke cikin hoton ɗaya bayan ɗaya, gama ba a cinikin biri a sama.

ROBA DA RUBUTU

Roba iri biyu aka fi yin huluna da su. Ta farko ana ce mata ABS, tana da santsi, amma da yau da gobe yatsa kan goge ta har ta riƙa ƙyalli kamar an shafa mai. Ta biyu ita ce PBT, tana da ɗan kaushi, ta fi jure gumi da zafi. Ga wanda ke wuni yana bugu, PBT ta fi, kuma yanzu ana samun ta da sauƙin kuɗi. Aibinta ɗaya ne, wani lokaci dogon maɓallin tazara yakan zo a karkace, saboda haka a ɗora shi bisa gilashi a gani ko ya kwanta daidai.

Yadda aka sa rubutun ya fi robar muhimmanci. Mafi araha shi ne wanda aka manna fenti a sama, kuma shi ne wanda harafin A da na N suke ɓacewa daga kansa tun kibod bai tsufa ba, musamman a hannun mai buga Hausa. Akwai wanda aka rina da zafi har launin ya ratsa cikin robar, wannan ba ya gogewa da sauƙi. Akwai kuma wanda aka zuba roba kala biyu, harafin kansa roba ne, ba zai ɓace ba sai hular ta cinye. Ana gane shi in an kifa hular, domin sau da yawa za a ga launi biyu a ciki. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan mai araha na biyu ya wadatar, na farkon ne kawai abin gudu.

BAƘAƘE MASU ƘUGIYA

Ga inda maganar ta shafe mu fiye da kowa. A cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabantar aikin talifi a Zariya, aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, a maimakon ɗigo da waƙafin da ake amfani da su a da. A Jamhuriyar Nijar an ƙara da ƴ, inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y. Ba ƙawa ba ce ta sa aka yi haka. Baki daban yake da baƙi, kura daban da ƙura, bari daban da ɓari. In aka rubuta wa mutum kasa a inda ake nufin ƙasa cikin takardar cinikin fili, ko aka ɓata sunan mahaifinsa a takardar rantsuwa, ba ƙaramin abu ba ne.

Masu tafireta na da sukan gama bugu sa'an nan su bi da alƙalami suna sa ƙugiya. Yau babu wannan wahala, domin baƙaƙen suna cikin tsarin Unicode tun fitowarsa a 1991. Amma fa masu karatu su lura, hula lakabi ce kawai, kamar allon da ake kafawa a ƙofar shago. Ko an rubuta ƙ a kanta, kwamfuta ba za ta fitar da ƙ ba sai an saita ta. Windows yana da tsarin Hausa a cikinsa, wanda in an kunna shi ana danne Alt na dama tare da b, ko d, ko k, sai mai ƙugiya ya fito. Akwai kuma manhajar Keyman wadda ake samu kyauta. Saboda haka duk wanda zai sayi ƙaramin kibod, ya tabbata yana da Alt na dama, kuma jerin hulunan yana da hular da ta yi daidai da shi.

Jerin hulunan da ake kawowa daga waje ba don Hausa aka yi su ba, amma akwai dabaru masu sauƙi. Ana iya sayen 'yan huluna masu wani launi dabam a sa a kan b da d da k da y, don yaron shago mai koyo ya riƙa tunawa. Akwai huluna masu murfi garau irin na injin lissafin manyan kantuna, waɗanda ake rubuta harafi a 'yar takarda a sa a ciki. Mafi araha duka shi ne a rubuta mai ƙugiyar da fenti a goshin hular, gefen da ke fuskantar mai bugu, inda yatsa ba ya taɓawa. Takardar mannawa kuwa ba ta daɗewa, zafi da gumi kan ɗaye ta. Wasu sukan so su mayar da q da v da x su zama na Hausa, tun da harshen ba ya amfani da su, to amma mai shagon da ke buga kundin ɗalibai da Turanci ba zai iya rabuwa da su ba.

Bayan saye sai kulawa. Ƙurar hunturu takan cika ƙarƙashin maɓallai, saboda haka a riƙa rufe kibod da ƙyalle in an tashi aiki. In huluna sun yi datti a cire su da 'yar wayar cirewa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bari su bushe sarai kafin a mayar. Kada a kusance su da fetur ko ruwan goge fentin farce, gama yana narkar da ABS.

Kuɗin da ya kamata mai sana'a ya kashe a nan ba shi da yawa, in dai ya san abin da yake nema. Wanda ya kawo takarda a buga masa da Hausa yana da hakkin a rubuta masa ita yadda harshensa yake, da ƙugiyarta duka, kuma shagon da ya iya wannan ba zai rasa masu dawowa ba. Allah ya sa albarka a sana'a.