Sani Kaita: lamba shida mai zafi da jan katin da ya bi shi har gida

Jama'a masu saurarenmu a Damagaram da kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Agadas, Kano, Libiya ko Aljeriya, a duk fadar da aka zauna hirar ƙwallo, sunan masu cin raga ake fara kira. Yau mun ga ya dace mu waiwayi wanda ba a cika yi wa tafi ba, wato ɗan tsakiya mai tare hanya, wanda ake ce wa lamba shida. Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Ga Sani Kaita nan, ɗan Kano, tafiyar ƴan awowi daga nan idan aka bi ta Matameye.

An haife shi a 1986, ya fito daga Kano Pillars. Duniya ta fara ganinsa a 2005, a gasar ƴan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan, inda Samson Siasia ya kai Najeriya wasan ƙarshe. Ajantina ta ci su 2 da 1, duka biyun Lionel Messi ne ya zura da bugun fenariti. A ƙungiyar nan Mikel Obi ne ake ta yabo, amma Kaita na cikin waɗanda ke share masa fili. Bayan gasar, Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. A 2008 suka sake haɗuwa da Ajantina a wasan ƙarshe na Olamfik a Beijin, aka ci su 1 da nema ta ƙafar Di María, suka dawo da lambar azurfa.

To mene ne aikin lamba shida? Shi ne ke tsayawa gaban masu tsaron baya kamar mai gadin ƙofar gari. Idan ƴan gabansa suka tafi farmaki, shi ba ya binsu, yana nan yana kallon inda za a ɓullo. Da zarar an ƙwace ƙwallo, shi ne na farko da zai tari mai ita, ya rage masa gudu har abokansa su dawo. In ya karɓe, ba ya tsayawa yanka, sai ya miƙa wa wanda ya fi shi iya rabawa. Haka Kaita yake wasa: manne wa mutum, sa kafaɗa, shiga da ƙafa ba tsoro, sannan gajeren fas. Cin raga ba nasa ba ne. Irin wannan ɗan wasa, ranar da ya yi aikinsa da kyau ba ka jin mai sharhi na yawan ambatonsa.

Turai ma suna da irinsu. Masu kallon bal tun shekarun 2000 za su tuna Thomas Gravesen, ɗan ƙasar Danmak mai aski ƙwal, wanda ya yi Hamburg da Everton. Real Madrid ta sayar da Claude Makélélé a 2003, tsakiyarta ta zama kamar gida ba darni, sai ta sayo Gravesen a Janairun 2005 don ya toshe. Abin dariyar shi ne, a Everton ba shi ke wannan aikin ba, wani mai sanƙo ne, Lee Carsley, shi ya sa har yau ake tsokanar Madrid cewa ta yi kuskuren mai sanƙo. Zafin da aka saye shi dominsa shi ya kore shi: ya yi rigima da Robinho a filin atisaye a 2006, ba a jima ba ya koma Celtic.

Na Kaita ya fi wannan ciwo, don a gaban duniya abin ya faru. Ranar 17 ga Yunin 2010 ce, a Bloemfontein, gasar kofin duniya ta farko a ƙasar Afirka. Najeriya ta sha kashi 1 da nema a hannun Ajantina a wasan farko, tana neman maki ido rufe. Da Girka kuwa abin ya fara da kyau: Kalu Uche ya ci a minti na 16, kuma Girkawa sun rasa ta inda za su shiga. A minti na 33 ƙwallo ta fita waje. Ba hatsari, ba farmaki, jifa kawai za a yi. Suka ɗan yi ture-ture da Vasilis Torosidis a bakin layi, sai Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri wajen cinya. Shurin bai wani same shi da ƙarfi ba, amma Torosidis ya zube yana birgima. Alƙalin wasa Óscar Ruiz ɗan Kolombiya bai yi wata-wata ba, ya zaro jan kati.

A nan akwai abin da yaranmu masu buga gasar hutu a Birni, Zengo, Garin Malam har zuwa Mirriya da Magariya ya kamata su sani, don muna yawan ganin ana tasar wa alƙali a kansa. Doka ta raba abu biyu. Idan ka shiga neman ƙwallo ka taka mutum, alƙali zai duba ƙarfin shigar: wani lokaci busa kawai, wani lokaci katin gargaɗi, in ta yi muni ja. Amma idan ba ƙwallon kake nema ba, ka kai wa mutum duka ko shuri, to ja ne kai tsaye, ko wasa na gudana ko ya tsaya. Kuma ko ba ka same shi ba, yunƙurin kaɗai ya isa. "Ai ban taɓa shi sosai ba" ba hujja ba ce.

Kaita ya fita ya lulluɓe kansa da rigarsa. Da ya bar wurin, ƙofar da yake gadi ta buɗe. Salpingidis ya farke kafin hutu, sannan Torosidis ɗin nan dai ya ci ta biyu a minti na 71. Wannan ce nasarar Girka ta farko a tarihin kofin duniya. Kaita ya fito ya nemi gafara, amma sai da hukumar ƙwallon Najeriya ta sanar cewa ana ta aiko masa saƙonnin barazanar kisa.

A ganinmu an ɗora masa fiye da nasa. Ya yi laifi, ba musu. Sai dai ko bayan wannan, da Najeriya ta ci Koriya ta Kudu a wasa na uku da ta wuce, kuma kowa ya ga ƙwallon da Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar a bakin raga ba gola. Aka tashi 2 da 2, kuma Kaita ba ya cikin fili ranar.

Lokacin nan yana ɗan shekara 24, yana hannun Monaco, wadda ta yi ta ba da aronsa ga ƙungiyoyin Rasha irin su Kuban, Lokomotiv Moscow da Alania. Daga baya ya bi ta Yukren da Saifurus, ya dawo gida ya sa rigar Enyimba ta Aba, sannan ya tafi Finlan, inda ya buga wasanninsa na ƙarshe a Turai.