Cutar da ke lafawa da safe, ta tashi da yamma

A farkon shekarun 1970, wani likitan yara a birnin Tokiyo mai suna Masaya Segawa ya lura da wasu yara masu ciwo mai ɗaure kai. Yaro zai tashi garau da safe ya taka ƙafa kamar kowa. Kafin la'asar ƙafar ta fara murɗewa zuwa ciki, zuwa magariba tafiya ta gagara. In ya samu barci, washegari ya sake miƙewa. Sai a 1994 aka gano tushen abin: lahani a ƙwayar gado mai suna GCH1, wadda ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen harhaɗa dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin jiki. Gadon lahanin daga uwa kaɗai ko uba kaɗai ya isa, kuma 'yan mata sun fi kamuwa.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan tun tuni. Ɗan ƙaramin awo na lebodofa, wanda ake ba masu cutar Parkinson, kan miƙar da yaron da ya shekara yana jan ƙafa. Amma da yawa an daɗe ana yi musu kallon masu shanyewar da ake samu wajen haihuwa. A wajenmu kuwa, yaron da ke lafiya da hantsi ya murɗe da almuru, ba sai an faɗi wa za a ɗora wa laifin ba.

Ita kanta Parkinson ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. A 1998 masana daga jami'o'in Keio da Juntendo na Japan suka gano ƙwayar gadon da suka raɗa wa suna parkin, a iyalan da makyarkyata da sanƙarewar jiki ke kama 'ya'yansu kafin shekara 40. A 2004 aka gano PINK1 a wasu iyalai na Italiya da Sifen. Su biyun aikinsu ɗaya ne: kwashe lalatattun sassan da ke samar wa jijiyar ƙwaƙwalwa kuzari. In sharar ta taru, jijiyar ta mutu.

Waɗannan biyun sai an gada daga ɓangarorin biyu, kamar yadda muka sani a sikila: iyaye lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin 4. Shi ya sa masu binciken suka fi dacewa a gidajen da ake auren zumunci, kuma shi ya sa batun ya shafe mu.

Sai dai galibin samfurin da aka yi aiki da shi na Turawa ne da mutanen Asiya, kuma gado ba ya tafiya bai ɗaya. Wani sauyi a ƙwayar LRRK2 da ya yawaita tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka, an neme shi a marasa lafiyar Najeriya ba a samu ba. A 2023 kuma, wani aiki da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson, yana kuma sa ta fara da wuri. Ya yawaita a jinin mutanen Afirka ta Yamma, ya yi ƙaranci sosai a Turawa. Gwajin da aka tsara bisa jinin Bature na iya duba saurayi daga Daura ya ce bai ga komai ba, alhali ba inda ya dace ya duba ba.