Kafin rajistar shago, duba takardar haihuwarka

Dillalin shanu a kasuwar Dakoro yana iya ƙulla cinikin miliyoyin sefa da musafaha kawai, don kowa ya san shi, ya san ubansa. Amma ranar da ya nemi kwangilar kai hatsi ga wata ƙungiyar agaji, ko bashin banki a Maraɗi, lambobi biyu za a tambaye shi: RCCM, wato lambar rajistar kasuwanci, da NIF, lambar mai biyan lanho.

Samun su ya fi da sauƙi. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, masu dokar kasuwanci iri ɗaya. A gyaran da aka yi wa dokar a Lome cikin Disamba 2010, an buɗe wa ƙaramin ɗan kasuwa ƙofa ta daban: ya bayyana sana'arsa a wurin rajista, ba tare da ya biya kuɗi ba. A 2012 kuma Nijar ta kafa Maison de l'Entreprise, don a gama takardun a ofis guda maimakon yawo daga ma'aikata zuwa ma'aikata.

To, hukumomin duniya sun daina wadatuwa da sunan kamfani. So suke su ga fuskar mai shi. A Ingila, inda aka daɗe ana buɗe kamfanonin bogi da sunayen mutanen da ba su san hawa ba balle sauka, tun 18 ga Nuwamba 2025 dole daraktan kamfani ya tabbatar da ko shi wane ne. Najeriya ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni a Mayu 2023. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

A ganina, inda gizo ke saƙa a garuruwanmu shi ne takardun mutum na kansa. Dattijai da yawa ba su da ranar haihuwa a rubuce, sai "wajajen shekara kaza". Wani kuma Mahamadou ne a takardar haihuwa, Mamane a katin ɗan ƙasa, Mahaman a banki. Ma'aikacin da ya san ka yakan kau da kai. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Duk tsarin da ya dogara da hoton yatsu da lamba guda, a kan irin wannan saɓani yake fara tsayar da mutum.

Akwai kuma al'adar aron takarda. Mai hatsi ba shi da NIF, sai ya shiga kwangila da na wani ɗan'uwa, ko wani babba ya ɓoye hannunsa ya rubuta shago da sunan yaronsa. Zumunci ne, na yarda. Sai dai lanhon da tarar da bashin duk wanda sunansa ke rubuce suke bi, ko da bai ga dala ba.

Game da takardar haihuwa kuwa, wanda aka haifa ba a yi masa ita cikin wa'adi ba, sai ya bi ta kotu, da shaidun da suka san haihuwarsa, alƙali ya ba shi hukuncin da zai kai ma'aikatar magajin gari a rubuta. Gyaran suna ma ta can yake bi. Aikin yana cin kwanaki, shi ya sa ya fi dacewa da rani, kafin damina ta tsare shaidunka a gona.