Hanyar Gaɓar Teku Daga Ikko Zuwa Saliyo

Mu mutanen Beli ba mu san teku ba. Babban ruwan da muka sani shi ne dam na Challawa a ƙasar Ƙaraye, wanda aka gama a 1992, inda masunta ke tuƙa kwalekwale da hannu. Duk da haka akwai hanyar ruwa guda da ya kamata kowane gidan masu bi ya san labarinta, wato gaɓar teku daga Ikko zuwa Saliyo, tafiyar fiye da mil 1,000.

A zamanin dā jiragen wannan hanya ba su da inji. Manyan ƙyallaye ne, waɗanda ake kira filafilai, akan ɗaura a dogayen itatuwa a tsakar jirgi, iska ta cika su ta tura shi. To, a wannan gaɓa yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take busowa, ita ce kuma ke kawo mana laimar damina. Ruwan teku ma gabas yake malala. Saboda haka mai zuwa Ikko daga Saliyo tafiyarsa da sauƙi. Komawa ita ce aiki! Sai matuƙi ya riƙa karkata hagu da dama kamar jaki mai kaya a kan tudu, ko kuwa ya nausa kudu wajen tsibirin Sao Tome, ya nemi ruwan da ke malala yamma. In iska ta ɗauke, sai zama, rana na dūka, ruwan sha na ƙarewa.

Me ya haɗa mu da wannan? Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, ta sa jiragenta na yaƙi su yi ta sintiri a gaɓar. Jirgin bayin da suka kama akan kai shi Freetown, babban birnin Saliyo, a 'yanta mutanen ciki. Amma saboda wuyar komawa yamma, da yawa sun mutu a hanya bayan an riga an cece su. Wannan abin tausayi ne ƙwarai, ba kuma kowane littafin makaranta ke faɗinsa ba.

A watan Afrilu 1822 aka kama wani jirgin Fotugal kusa da Ikko. A cikinsa akwai wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi. Bai taka ƙasar Saliyo ba sai watan Yuni, gama jiragen da suka cece shi sun ci gaba da sintiri. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa bishop a 1864.

Har da Hausawa cikin waɗanda aka sauke a can. Wani malamin mishan, Koelle, ya rubuta kalmomin Hausar Kano da ta Katsina daga bakinsu, ya buga a 1854. Kafin shi, Schön, Bajamushe mai aiki da C.M.S., ya koyi Hausa a wurin irin waɗannan 'yantattu, ya fitar da littafin kalmomi a 1843, sa'an nan Bishara ta Matiyu a 1857. Littafi Mai Tsarki dukansa bai fito da Hausa ba sai 1932.

Iyaye, in kuna karanta wa yara Ayyukan Manzanni sura 27, inda iska ta hana jirgin Bulus ci gaba, ku buɗe musu taswirar Afirka ta Yamma su bi gaɓar da yatsa, daga Ikko, su wuce Ghana da Laberiya, har Freetown.