Yadda Maganaɗisu Ke Sake Hanyoyin Ƙwaƙwalwa

A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86. Kowace ƙwaya tana aika wa 'yan uwanta saƙo ta wata 'yar mahaɗa da ke tsakaninsu. Ita mahaɗar nan kamar turba ce a daji. In ana yawan bin ta, sai ta faɗaɗa. In aka ƙaurace mata, sai ciyawa ta rufe ta. A 1973 masana biyu, Bliss da Lomo, suka nuna haka a ƙwaƙwalwar zomo. Da suka yi ta aika saƙon lantarki da sauri ta hanya guda, sai mahaɗan wurin suka ƙara ƙarfi, suka kuma zauna haka na sa'o'i.

To, ina ruwan maganaɗisu da wannan? Tun 1831 Faraday ya gano cewa ƙarfin maganaɗisu, in yana sauyawa, yakan haifar da lantarki. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka aza naɗaɗɗiyar waya a kan mutum, suka sakar mata wuta farat ɗaya. Ƙarfin maganaɗisun ya ratsa ƙoƙon kai, ya ta da ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa, sai ga hannun mutumin ya motsa, ba fiɗa, ba ɗigon jini.

Bugu ɗaya ba ya barin wata alama mai daɗewa, sai an maimaita. In ana bugawa a hankali, sau ɗaya a daƙiƙa, galibi wurin yakan lafa. In kuwa ana bugawa sau biyar ko fiye a daƙiƙa, yakan ƙara kuzari. Masana suna ganin mahaɗan ne ke raguwa ko ƙaruwa da ƙarfi, kamar na zomon nan.

A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da dabarar ga masu ciwon baƙin ciki da magani bai yi musu aiki ba. Akan yi ta kusan kullum har makonni, kuma likita kan yi hattara da mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a ka.

Mu ɗalibai, abin lura shi ne maimaici ke gyara turba. Bitar karatu ma ta nan take bi. Yau da gobe kan sa allura ginin rijiya.