Ƙafafun Gizo Nawa Ne? Ilmin Halittu da Zanen Gwarzon Tatsuniya

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ɗalibina ɗan asalin Gidan Katta, cikin ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, ya same ni a ofis riƙe da littafin zane. Shi da abokansa biyu sun ƙuduri niyyar mayar da tatsuniyar Gizo da hankaki ta zama majigin zane mai motsi, irin wanda yara ke kira katun, na tsawon minti biyar. Ya ce, "Malam, a duba mana ko mun yi daidai." Da na buɗe sai na ga wata halitta mai ƙafa shida, da jiki kashi uku, da 'yan ƙahonni biyu sirara a ka irin na fara. Zanen kam ya yi kyau, sai dai ba gizo-gizo ba ne. Tururuwa ce aka ɗora wa hula.

Mai karatu zai iya cewa to mene ne a ciki, ai tatsuniya ce. Abin lura shi ne, muddin tatsuniya tana bakin tsohuwa a tsakar gida, kowane yaro yana da nasa Gizon a zuciyarsa. Ranar da aka haska shi a majigi ko a wayar hannu, siffar da aka zana ita za ta zauna daram, ta kori sauran. Idan da kuskure a cikinta, dubban yara ne za su haddace kuskuren, kuma malamin firamare ne zai sha wahalar cire shi.

Gizo mutum ne ko ƙwaro?

An daɗe da fara rubuta tatsuniyoyinmu. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, kuma da yawa daga cikin abin da ke ciki malaman Sakkwato ne suka rubuta da ajami, aka tattara ta hannun Burdon, Razdan na Sakkwato. A 1913 kuma R. S. Rattray ya fitar da nasa tarin, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana a yau. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya wallafa Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. Wanda ya bi waɗannan littattafai zai ga cewa halin Gizo ake bayyanawa: wayo, haɗama, ragwanci, ƙarya. Yana noma, yana aure, yana cin bashi, yana gaida sarki. Sifar jikinsa kuwa ba a cika damuwa da ita ba. Mai ba da tatsuniya yana da damar barin ta a duhu. Mai zane ba shi da wannan dama, domin tilas ne alƙalaminsa ya yanke hukunci.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Mutanen Akan na Gana suna da Ananse, wanda shi ma gizo-gizo ne mai wayo, kuma bayin da aka kwasa sun tafi da labarinsa har Jamaika. Masu zana shi wani lokaci su yi shi mutum sosai, wani lokaci ƙwaro sosai. Ni dai ra'ayina shi ne, tun da harshenmu ya ɗaure sunansa da yanar gizo da saƙar gizo-gizo, to a bar shi a jikinsa na asali, a ba shi halin mutum.

Abin da jikin ya ƙunsa

A wurin masana ilmin halittu gizo-gizo ba ya cikin ajin fara da tururuwa da ƙuda. Danginsa su ne kunama da kaska. Jikinsa kashi biyu ne: na gaba, inda kai da ƙirji suka haɗe wuri ɗaya, da na baya, wato ciki, wanda a ƙarshensa ne kafofin fitar da zare suke. Ba shi da fuka-fuki, ba shi da ƙahonnin nan na ji. Ƙafafunsa takwas ne, duk a kashin gaba suke, kuma kowace tana da gaɓa bakwai. Galibinsu idanu takwas gare su. A 2022 ne yawan nau'o'in da masana suka yi wa suna ya kai 50,000.

Akwai wani abin mamaki game da ƙafafun nan wanda ya shafi mai zane kai tsaye. Mu 'yan Adam muna da tsoka mai lanƙwasa gwiwa da wata mai miƙe ta. Gizo-gizo kuwa, a manyan mahaɗai biyu na kowace ƙafa, tsokar lanƙwasawa kaɗai gare shi. In zai miƙe ƙafa, sai ya matse ƙirjinsa ya tunkuɗa ruwan jikinsa cikin ƙafar, ta miƙe kamar yadda tiyo ke miƙewa idan an sako masa ruwa da ƙarfi. Masu bincike biyu a Ingila, Parry da Brown, sun auna wannan matsi a 1959. Wannan shi ne dalilin da ya sa mataccen gizo-gizo yake ƙudundune: matsin ruwa ya ɗauke, ƙafafu sun koma ciki. Wasu nau'o'in ma sukan yi amfani da wannan su yi mutuwar ƙarya idan sun ji haɗari. Na ce wa ɗalibina, duk inda labari ya kai Gizo ga tsoro ko ga yin lamɓo, kada ya wahalar da kansa wajen zana hawaye, ya tattare masa ƙafafu kawai. Duk yaron da ya taɓa share bayan rumbu zai gane abin da ake nufi.

Tafiyarsa ma tana da tsari. Ƙafa ta ɗaya da ta uku na hagu sukan ɗaga tare da ta biyu da ta huɗu na dama, sauran huɗun suna ƙasa, sa'an nan a yi musanya. Wato kullum akwai ƙafa huɗu da ke riƙe da jiki.

Lissafin wahala

A nan ne ɗalibin ya faɗi gaskiyar abin da ya sa suka rage ƙafafu: aiki ne ya yi yawa. Majigi yana nuna hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa su ta ga motsi. Masu zane da hannu sukan nuna kowane zane sau biyu, ya zama zane 12 ke nan a daƙiƙa. A minti biyar za a buƙaci zane 3,600. Idan Gizo yana cikin kowanne, ƙafafu 28,800 za a zana. Ba ragwanci ba ne mutum ya nemi sauƙi a nan. Manyan kamfanonin Amurka ma sun yi haka. An bar Mickey Mouse da yatsu huɗu a hannu, kuma a 1998 aka fitar da finafinai biyu a kan tururuwa: a cikin A Bug's Life an ba su gaɓoɓi huɗu kamar mutane, a cikin Antz an bar musu shidansu.

Duk da haka ban yarda a yanke wa Gizo ƙafa ba, domin akwai mafita. Da farko, zagayen tafiya sau ɗaya ake zana shi, a yi ta maimaitawa. A kwamfuta kuma, da manhaja irin Blender wadda kyauta ake samunta, ana dasa wa hoton wasu ƙasusuwan ƙarya ne a motsa su, ba sai an sake zane ba. Na biyu, halitta da kanta ta ba mu hannuwa. A gefen bakin gizo-gizo akwai wasu gajerun gaɓoɓi biyu masu kama da ƙananan ƙafafu, waɗanda yake taɓa abinci da su, kuma a jikin namiji kawunansu a kumbure suke kamar wanda ya naɗe hannu zai shiga dambe. Da su Gizo zai riƙe hauya ko ya karɓi goro, ƙafafu takwas na nan ba a taɓa su ba.

Wane gizo-gizo za a kwaikwaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni sha'awa. Mai dogayen ƙafafu da ke saƙa a kusurwar ɗaki ba shi da fuskar da za ta ɗauki labari, ga shi yana ba yara tsoro. Shawarata ita ce a ɗauki ɗan ƙaramin nan mai tsalle da ake gani a jikin bango da rana yana farautar ƙuda. Danginsa, waɗanda masana ke kira Salticidae, sun haura nau'i 6,000. Idanunsa biyu na gaba manya ne ƙwarai, suna fuskantar gaba kamar namu, kuma idan ka matso yakan juyo ya dube ka.

Dalilin da ya sa wannan fuska take shiga rai sananne ne. A 1943 Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana cewa babban kai, manyan idanu da gajerun gaɓoɓi, wato siffofin jariri, suna tayar da tausayi a zuciyar mutum, ko da a jikin dabba ya gan su. A 1979 Stephen Jay Gould na Jami'ar Harvard ya ɗauki ma'auni ya auna zane-zanen Mickey Mouse na shekara hamsin, ya tarar girman idonsa ya tashi daga kashi 27 zuwa kashi 42 cikin ɗari na tsawon kansa, a daidai lokacin da halinsa ya sauya daga fitinanne zuwa salihi. To a nan ne haɗarin yake. Gizo ba salihi ba ne. Idan aka cika masa ido da ƙuruciya, yara za su ɗauki ɓangarensa har lokacin da yake cutar hankakin da suka ara masa gashi ya kai ga ɓaure. Ana son a so shi, amma kada a amince da shi. Don haka na ce a bar manyan idanun biyu suna kallon wanda yake magana da shi cikin ladabi, ƙananan na gefe kuma suna satar kallon tukunya. Babu wata dabba mai ido biyu da za ta iya ba mai zane wannan dama.

Daɗin daɗawa, wayon ma yana da tushe a cikin wannan dangi. Akwai wani mai suna Portia, wanda ake samun wasu nau'o'insa a Afirka, da yakan je yanar wani gizo-gizo ya riƙa kaɗa zaren kamar ƙwaron da ya maƙale, mai gida ya fito cin abinci, a cinye shi. Robert Jackson na ƙasar Niyuzilan ya shafe shekaru yana nazarinsa. Wani kuma, Myrmarachne, yakan ɗaga ƙafafunsa biyu na gaba su yi kamar ƙahonni, ya saje da tururuwa. Da na gaya wa ɗalibina wannan sai ya yi dariya ya ce, "Ashe Malam zanenmu na farko Gizo ne ya yi ɓad-da-kama."

Wuri ɗaya ne ilmin halittu zai ja da baya, shi ne baki. Gizo-gizo ba shi da leɓe, narkar da abincinsa yake yi ya zuƙe. Gizon tatsuniya kuwa da tsamin bakinsa aka san shi, kuma ba za a yi majigi ya fito bebe ba. Tilas a ƙirƙira masa baki. Wannan ƙarya ce da na amince da ita, domin ba yaron da zai tashi yana zaton gizo-gizo na magana.

Ƙoƙi

Matar Gizo ƙoƙi-ƙoƙi ce, wadda ita ƙwaro ce ta haƙiƙa mai ƙafa shida. A daji wannan aure ba zai kwana ba, don ta fi shi girma nesa, kuma irinsa na cikin abincinta. Amma jikinta kyauta ne ga mai zane. Ƙafafunta na gaba a naɗe suke kamar ta mai sauraro cikin haƙuri, kanta mai kusurwa uku yana juyawa har ta dubi bayanta, kuma a kowane ido akwai wani baƙin ɗigo da kan yi kamar yana bin mai kallonta duk inda ya koma. A 1986 masu bincike a Amurka suka gano cewa kunnenta guda ɗaya ne tak, a ƙarƙashin ƙirji. Idan Gizo yana shirga ƙarya, ya isa Ƙoƙi ta juyo da kai sannu a hankali ba tare da ta ce uffan ba.

Maƙwabcinmu na Tawa

Wanda ya tashi daga Illela ya tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni, in ya miƙa arewa zai isa Tawa. A can ne Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa yana aikinsa. An haife shi a 1942 a N'Dounga kusa da Yamai, ya yi aiki da Jean Rouch, ya kuma je Kanada inda ya ƙaru da Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, ɗan gajeren majigin zane a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, wanda ba'a ce ga shagulgulan sababbin shugabannin Afirka. Ya kuma yi Kokoa da 'yan tsana, inda dabbobi ke kokawa irin tamu ta gargajiya. Ya rasu a 2015. Kwaɗinsa layi kaɗan ne, amma kumburin maƙogwaro da faɗin baki na kwaɗo suna nan, kuma su ne suka ɗauki girman kan mai mulki. Abin takaici ne a ce yaranmu sun san katun na Japan ba su san wannan mutum ba, alhali tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninsu da garinsa.

Daga gare shi za a koyi sa wa hali tufafin gida. Gizon Gidan Katta ba ya bukatar hular sarauta. Malafa ta ishe shi, irin wadda ake gani a kan manoma da masu shanu a kasuwar Illela ranar Lahadi, a bayansa kuma ga rumbun gero da darni da itacen gawo. Masu wannan sana'a suna da wani gwaji: a shafe zanen gaba ɗaya da baƙi, a ga ko za a gane shi daga inuwarsa. Faffaɗar malafa a kan ɗan dunƙulallen jiki mai ƙafa takwas ta ci wannan gwaji nan take. Ƙoƙi kuma doguwa ce siririya, saboda haka ko daga nesa ba za a rikita su ba.

Kafin ya tafi na ba ɗalibin kwalba mai faɗin baki, na ce ya kama ɗaya daga cikin masu tsallen nan a bangon ɗakin kwanansu, ya ɗauki tafiyarsa da wayar hannu, ya rage saurin hoton ya ƙirga ƙafar da ke tashi da wadda ke ƙasa, sa'an nan ya sake shi inda ya kamo shi. Bayan mako biyu ya dawo da sabon zane. Ƙafafu takwas sun cika, amma huɗu daga ciki ya dasa su a jikin ciki maimakon ƙirji, don haka ya sake komawa da littafinsa.