Daga Bencin Kwaya Zuwa Dandalin Duniya: Gasar Matasa Mawaƙan Opera

A ranar 6 ga watan Mayu na shekarar 2023, yayin bikin naɗin Sarki Charles na Uku a babbar majami'ar Westminster da ke Landan, wata 'yar Afirka ta Kudu mai suna Pretty Yende ta tsaya ita kaɗai ta rera waƙa a gaban sarakuna da shugabannin ƙasashe. Da yawa daga cikin waɗanda suka kalli bikin a talabijin sun yi ta tambaya, shin daga ina wannan baiwar Allah ta fito, kuma ta wace hanya ta kai wurin? Muryar dai a coci aka rene ta, a wani ƙaramin gari mai suna Piet Retief inda aka haife ta a 1985. Ƙofar kuwa gasa ce ta buɗe mata, irin wadda ake shirya wa matasa mawaƙan opera a Turai da Amurka.

Mece ce opera?

Opera wani irin wasan kwaikwayo ne wanda a cikinsa waƙa ke maye gurbin magana, wato 'yan wasan suna rera farin cikinsu da fushinsu da kukansu, makaɗa kuma suna bin su da goge da sarewa da ƙaho. A ƙasar Italiya aka fara ta wajen shekarar 1600, shi ya sa yawancin wasannin da suka yi suna da Italiyanci suke, sai kuma Jamusanci da Faransanci da Rashanci. Muryoyin su ne waɗanda kowane ɗan kwaya ya sani, wato soprano da alto ga mata, tena da bas ga maza, sai wasu da ke tsakani.

Wahalar aikin ita ce, bisa al'ada mawaƙin opera ba ya riƙe makirufo. Dole muryarsa ta haye kan ƙarar makaɗa sittin ko fiye, ta kai kunnen wanda ke zaune a kujerar ƙarshe. Gidan opera na Metropolitan da ke New York, alal misali, yana da kujeru kimanin 3,800. Kafin mutum ya iya wannan ba tare da ya fasa maƙogwaronsa ba, sai ya yi shekaru yana koyon sarrafa numfashi a hannun malami, yana kuma koyon furta harsunan da ba nasa ba.

Yadda ake gasar

Gidajen opera na duniya ba su da yawa, masu neman shiga kuwa dubbai ne. Gasa ita ce hanyar da matashin da ba shi da kowa zai sa manya su saurare shi. Gidan Metropolitan ya fara tasa a 1954, inda ake tankaɗe da rairaya daga gunduma zuwa yanki, har a kai ga zagayen ƙarshe a New York. A 1983 gidan rediyo da talabijin na BBC ya kafa gasar birnin Cardiff a yankin Wales na Birtaniya, kuma wata 'yar ƙasar Finland, Karita Mattila, ita ce ta fara cinye ta. Haka kuma a 1993 shahararren mawaƙin nan ɗan Sifen, Plácido Domingo, ya kafa gasar Operalia a birnin Paris, wadda aka riƙa kai ta birane daban-daban bayan haka.

A tsarin Operalia, ɗaruruwan matasa waɗanda ba su wuce shekara 32 ba sukan aika da muryarsu da aka naɗa, a zaɓi 'yan kaɗan kawai a gayyace su. A zagayen farko mai kiɗan piyano ne kaɗai ke raka mawaƙi, ana ragewa ana ragewa, har a bar kimanin goma waɗanda za su rera tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Abin lura shi ne, yawancin alƙalan shugabannin gidajen opera ne da masu ɗaukar mawaƙa aiki. Saboda haka ladan da ya fi kuɗin kyautar daraja shi ne a ji muryarka, domin ko wanda bai ci ba yakan koma gida da alkawarin aiki.

Ta wannan hanya Pretty Yende ta bi. Ta sha faɗa cewa kakarta ce ta koya mata waƙoƙin sujada, opera kuwa ba ta taɓa jin ta ba sai tana da shekara 16, a wata tallar kamfanin jirgin sama a talabijin. Ta yi karatun waƙa a Jami'ar Cape Town, ta ci gasar Belvedere a birnin Vienna a 2009, ta kuma ci Operalia a Masko a 2011. A watan Janairu na 2013 har ta hau dandalin Metropolitan. Wani ɗan ƙasarsu, Levy Sekgapane, shi ma ya ci Belvedere a 2015 da Operalia a 2017.

Waɗanda ikkilisiya ta rena

Tun kafin waɗannan, akwai Marian Anderson, baƙar fatar Amurka da aka haifa a Philadelphia a 1897. Tana 'yar shekara shida ta shiga kwayar yara ta cocin Baptist da iyayenta ke zuwa. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, kuma da ta nemi shiga wata makarantar waƙa aka ƙi karɓarta saboda launin fatarta. A nan ne membobin cocinsu, waɗanda su ma ba masu hali ba ne, suka tara kuɗi kaɗan-kaɗan suka biya mata malami. A 1925 ta shiga wata gasa a New York tare da mutum kimanin 300, ta zo ta ɗaya.

Amma cin gasar bai kawar da wariyar launin fata ba. A 1939 aka hana ta rera waƙa a wani babban zaure a Washington, sai ta yi waƙarta a fili ranar Lahadin Ista, inda mutum kimanin 75,000 suka taru. Ba ta taka dandalin Metropolitan ba sai a watan Janairu na 1955, shekara talatin bayan nasararta, ta zama baƙar fata ta farko da aka ba babban matsayi a wasan gidan. Jessye Norman, wadda ta biyo sawunta, ita ma a cocin Baptist ta fara waƙa tana 'yar shekara huɗu a garin Augusta na jihar Georgia, ta ci gasar birnin Munich na Jamus a 1968, a shekara ta gaba kuma ta fara aiki a gidan opera na Berlin.

Inda gizo ke saƙa

Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa masu tsere suna da yawa amma ɗaya ne ke karɓar lada. Haka abin yake a nan, sai dai hukuncin alƙalai na dare ɗaya ba shi ne ƙarshen magana ba. A gasar Cardiff ta 1989 ɗan Rasha Dmitri Hvorostovsky ne ya ɗauki babbar kyauta, Bryn Terfel, ɗan wani manomi daga arewacin Wales, ya tashi da ƙarama, amma dukansu biyu sun zama manyan mawaƙan zamaninsu.

Duk da haka akwai haɗari. Kuɗin jirgi da masauki da malamai yakan ci ƙarfin ɗan talaka tun bai buɗe baki ba. Wanda ya ci kuma, gayyata takan yi masa yawa, ya karɓi waƙoƙin da suka fi ƙarfin muryar da ba ta gama nuna ba, ya lalata ta cikin 'yan shekaru. Bugu da ƙari, matashin da makomarsa ke hannun mutum ɗaya yana cikin rauni. A 2019 mata da dama suka zargi shi kansa Domingo da neman su ta hanyar da ba ta dace ba, a 2020 kuma binciken ƙungiyar mawaƙan Amurka ya same shi da halin da bai kamata ba, ko da yake shi ya musanta cewa ya ci zarafin kowa.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa masu karatu, a coci-cocinmu ma muna da gasar kwaya, mun kuma san daɗinta da ɓacin ran da takan bari. Labarin waɗannan mawaƙa ya nuna cewa gasa tana bayyana murya ne kawai, reno kuwa a gida ake yinsa, shekaru kafin ranar. Littafin Tarihi na Fari, sura 25, ya ƙidaya horarrun mawaƙa 288 a zamanin Sarki Dawuda, manya da ƙanana, malami da almajiri, wato koyar da waƙa tsohon aiki ne a gidan Ubangiji.

Saboda haka ya kamata dattawan ikkilisiya su tambayi kansu, yaron nan ko yarinyar nan mai murya da ke bencin baya, wa ke koya mata karanta waƙa da riƙe numfashi? In ta sami gurbin karatu, wa zai tara mata kuɗin makaranta kamar yadda cocin Marian Anderson ya yi? In kuma ta tafi gasa, wa zai raka ta, ya tsare mutuncinta, ya kuma karɓe ta da fara'a ko ta dawo hannu wofi? Ubangiji ya ba mu idon ganin baiwar da ya ajiye a tsakaninmu, da zuciyar renonta. Amin.